Turbar Da Ba A Rubuta Ba, Gona Ta Cinye Ta

Akwai wata al'ada ta mutanen Ingila wadda baƙo daga ƙasarmu ya kan gani ya riƙe baki. Ran Asabar ko Lahadi sai ka ga magidanci mai mota, mai albashi, ya kulle motarsa a bakin wani ƙauye, ya ɗaure takalma masu kauri, ya rataya 'yar jaka da gorar ruwa da burodi, ya kama wata siririyar turba ta cikin gonakin mutane, shi da iyalinsa. Ba kasuwa za su ba, ba gaisuwar mutuwa ba, ba kuwa wurin suna ba. Su yini suna bin gaɓar rafi, suna ƙetare shinge bayan shinge, da la'asar su komo inda suka bar mota, ƙafa duk taɓo, suna murna sai ka ce an yi musu kyauta.

A wurinmu, inda tafiya a ƙasa ta zama alamar rashi, har saurayi lafiyayye ya kan tsaya jiran babur don tafiyar da ba ta kai rabin mil ba, abin ya yi kama da wauta. Amma mu wani abu dabam ne ya ɗaure mana kai. Ina suka sami hanyar? Yaya aka yi a ƙasa mai cunkoso irin wannan, wadda kowane taƙi nata yana da mai shi, talaka zai ratsa tsakiyar gonar attajiri, mai gona yana kallo, ba shi da ikon ya ce masa "kai, koma"? Amsar wannan tambaya ita mu ke so mu sa gaban masu karatu yau, don mun ga akwai abin lura a cikinta, musamman ga malaman ofis da malaman makaranta.

TURBAR BAKIN KOGI

Bari mu ɗauki misali ɗaya, watau turbar da ta bi Kogin Tems, kogin nan da ya ratsa birnin Landan. Mafarinsa yana cikin wani fagen kiwo kusa da ƙauyen Kemble, a yammacin Ingila. Dutse aka kafa a wurin aka yi rubutu a jikinsa, gama sau da yawa mai ziyara ba ya tarad da ko ɗigon ruwa, sai in an yi kwanaki ana sheƙa ruwan sama. Daga nan turbar ta bi 'yar ƙorama da yaro zai iya tsallakewa, ta cikin fadamu da shanu ke kiwo, har Lechlade inda ruwa ya isa ɗaukar jirgi. Sa'an nan ta wuce Oksfod, garin babbar jami'ar nan, ta bi wani kwari tsakanin tuddai biyu, ta wuce Reading da Windsor, ta ratsa fadamar Runnymede inda a shekarar 1215 sarakunan ƙasa suka tilasta wa Sarki John ya yarda doka tana bisa kansa, har ta shiga Landan. Tsawonta mil 184 ne sa'ad da aka buɗe ta a 1996. Mafarin kogin bai fi ƙafa 360 bisa teku ba, saboda haka babu hawa, babu gangara mai wahala. Tsoho ya bi, yaro ya bi. Mai yin mil 13 a yini zai gama ta cikin mako biyu, amma yawancin masu binta yini guda su ke ɗauka, su koma gida, wani makon su ɗora daga inda suka tsaya.

Asalinta ba don shan iska aka yi ta ba. Turbar dawaki ce, waɗanda ke jan jiragen dako da igiya daga gaɓa, kafin zuwan jirgin ƙasa. Da reluwe ya ƙwace dako, sai dawaki suka tafi, turba ta rage. A wurare da dama tun farko masu ƙasa sun ƙi a bi ta gabansu, sai turbar ta riƙa hayewa daga wannan gaɓa zuwa waccan, ana fito da dawaki cikin jirgi. Da masu fito suka daina aiki, sai ta tsittsinke. Tun cikin shekarun 1940 aka kawo shawarar a haɗe ta ta zama hanya guda ta jama'a, amma sai da aka yi wajen shekara hamsin ana ja-in-ja da masu ƙasa, ana gina 'yan gadoji a gurbin mafita, kafin abin ya tabbata. Har wa yau a Windsor turbar ta kauce wa gandun gidan sarauta, ta haye ɗaya gaɓar. Wannan duka a kan turba guda ke nan. A Ingila da Wales kuwa, in an haɗa turbobin da doka ta ba kowa ikon bi, sun kai wajen mil 140,000.

INA SUKA FITO?

Yawancinsu irin namu ne sak. Wannan hanyar rijiya ce, waccan ta zuwa wurin niƙa, wata ta kasuwa, wata ta majami'a. Akwai kuma manyan hanyoyin shanu, masu faɗi, da shinge dama da hagu, waɗanda a da a ke koro garke ta cikinsu daga Wales da Sikotlan har kasuwar dabbobi ta Smithfield a Landan. Duk wanda ya san burtali ya san su, ko bai taɓa taka Ingila ba. Ƙafar talaka ce ta fitar da su, ba safiyo ba.

Amma ƙafa kaɗai ba ta tsare su ba. Tun daga wajen 1750 har tsakiyar ƙarni na 19, Majalisar Dokoki ta yi ta ba manyan masu ƙasa izinin shinge filayen da a da na kowa da kowa ne. Talakawa suka kwarara birane aikin masaƙu. Jikokinsu da suka tashi cikin hayaƙin Mancesta suka so su fita bayan gari ran hutu su shaƙi iska, sai suka tarar ko'ina an kafa allo an ce ba shiga. Ran 24 ga watan Afril 1932 wajen mutum 400, yawancinsu samari leburori, da wani Benny Rothman a gabansu, suka hau wani tudu da a ke kira Kinder Scout da gangan, wurin da wani basarake ya keɓe don harbin waɗansu tsuntsaye masu kama da fakara. Aka yi 'yar dambarwa da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar, daga mai wata biyu zuwa mai wata shida. Ɗaurin nan ya jawo musu tausayin jama'a fiye da yadda hawan ya jawo. A 1935 aka kafa ƙungiyar masu yawon ƙafa ta ƙasa duka, wadda a ke kira Ramblers. A 1949 Majalisa ta yi dokar da ta zama ginshiƙin al'amarin. Bayan shekara 70 da ɗaurin, a 2002, jikan basaraken nan, mai sarautar Devonshire, ya tsaya gaban taro ya roƙi gafara a kan abin da aka yi zamanin kakansa.

AIKIN MAGATAKARDA

To, ga inda zancen ya shafi masu riƙe da alƙalami. Dokar 1949 ta umurci kowace majalisar lardi ta binciko dukkan turbobin jama'a da ke ƙasarta, ta zana su a taswira guda, ta ajiye. Turbar da ta hau wannan taswira ta zama hujja a gaban alƙali, ba sauran gardama. Ko ciyawa ta rufe ta, ko an shekara talatin ba wanda ya bi, tana nan da ranta, ba mai soke ta sai da umurnin hukuma bayan an yi shela an saurari masu ƙorafi.

Su wa suka yi binciken? Majalisun ƙauyuka ne, da 'yan sa kai, cikin farkon shekarun 1950. Inda aka dace da magatakarda mai himma, wanda ya zauna da tsofaffi ya tambaye su, ya kuma tashi ya taka da ƙafarsa, yau ƙauyen nan cike ya ke da turbobi. Inda aka sami malalaci, ko kuwa manyan masu gona ne ke juya majalisa, sai aka rubuta kaɗan aka bar da yawa. Shi ya sa har yanzu mai duba taswirar Ingila ya kan ga abin mamaki: turba ta taho sumul, tana isowa iyakar wani ƙauye sai ta yanke tsakiyar fili, kamar ƙasa ta haɗiye ta. Ba ƙasa ce ta haɗiye ta ba. Magatakardan wancan gefe ne bai rubuta rabinsa ba.

A 2020 ƙungiyar Ramblers ta sa dubban mutane suka gwada tsofaffin taswirori da na yanzu, suka tarar da fiye da mil 49,000 na turbobin da ke cikin na da amma babu su cikin na hukuma. Wata doka ta shekarar 2000 ta yanka wa'adi, cewa tsohuwar turbar da ba a rubuta ba kafin 2026 haƙƙin jama'a a kanta ya faɗi. Aka ɗaga wa'adin zuwa 2031, sa'an nan cikin Disamba 2024 Gwamnati ta yi shelar za ta soke shi ɗungum, don majalisun lardi sun kasa gama duban takardun da aka tara musu. Ku duba fa, sakacin 'yan watanni da waɗansu suka yi shekara saba'in da suka wuce, shi jikokinsu ke ta fama da shi har yau.

Ƙafa ma tana da nata matsayi a shari'arsu. In jama'a suka shekara 20 suna bin wata hanya a fili, ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, ba kuwa da roƙon izini ba, mai ƙasa kuma bai hana ba, to doka ta ɗauka ya bar wa jama'a ita ke nan. Watau ƙafa ke haifar turba, takarda ke raya ta.

HAƘƘIN MANOMI

Kada mai karatu ya zaci mun manta da mai gona. Kukansa gaskiya ne. Baƙi su kan bar ƙyaure a buɗe dabbobi su fice, karnukansu su kan tarwatsa tumaki masu ciki, waɗansu su tattake shuka, waɗansu su zubar da kwalabe. Abin da ya burge mu shi ne yadda aka raba nauyi dalla-dalla, kowa ya san nasa. Mai tafiya ikon wucewa kaɗai gare shi. Ba shi da ikon kauce wa turba, ko tsinkar amfanin gona, ko sakin kare cikin garke, kuma tun 1953 akwai doka mai hukunta wanda karensa ya fasa dabbobin wani. Manomi kuwa, in turba ta ratsa tsakiyar gonarsa yana iya nome ta, amma cikin kwana 14 sai ya mai da ita yadda za a gane ta, faɗinta kada ya gaza mita 1, in ta masu doki ce mita 2. Wadda ta bi gefen gona ba a taɓa ta da garma ko kaɗan. Ƙyaure da ɗan tsanin ƙetare shinge shi zai gyara, majalisa ta biya aƙalla rubu'in kuɗin. Har bijimi an yi masa doka: na irin shanun madara, in ya wuce wata goma, ba a sakinsa a filin da turba ta ratsa. Majalisa kuma ita ke kafa alama, kibiya rawaya ga turbar ƙafa, shuɗiya ga ta doki, don kada baƙo ya ɓata ya faɗa inda ba a so.

Rigima ba ta ƙare ba, ba kuwa za ta ƙare ba muddin akwai shinge da mai son wucewa. Amma rigima ce ta takarda da taswira, wadda a kan kashe a ofis ko gaban alƙali, kowa ya koma gida da ransa.

Su kansu mutanen ƙauye ba su san darajar masu yawon nan sosai ba sai a 2001, shekarar da ciwon baki da kofato ya faɗa wa dabbobin ƙasar. Aka hallaka dabba fiye da miliyan 6, aka rufe turbobin karkara wata da watanni don kada takalma su yaɗa cutar. Nan da nan masaukai suka zama kango, masu sayar da abinci da masu kantuna suka rasa ciniki, aka gane ashe mai sandan nan da a ke yi wa kallon ɗan zaman banza yana cikin masu ciyar da ƙauye.

MU KOMO GIDA

Wani zai ce, "Wannan zancen ƙoshi ne. Mu da ke fama da tsadar hatsi, ga hanyoyin da ko da mota ba a bi sai da addu'a, ina mu ina yawon shan iska a bakin rafi?" Mun yarda da rabin maganarsa. Ba mu ce kowa ya ɗauki sanda ya shiga dajin da ba lafiya ba, kuma tsaron rai yana gaba da kome. Amma sauran rabin ba mu yarda ba, gama mu abin da turba ta ke ɗauke da shi a wurinmu ya fi na Ingila nauyi nesa. Su nishaɗi za su rasa in ta ɓace. Mu kuwa hanyar mashaya ce, hanyar da yarinya ke bi ta ɗebo ruwa, hanyar makaranta, hanyar maƙabarta, hanyar da garke zai bi ya isa fadama ba tare da ya sa baki a dawar wani ba.

Dattawanmu sun san burtali da shingensa na aguwa ko cini-da-zugu, sun san labi, sun san zamanin En'e ba mai sa fartanya a ciki dagaci ya ƙyale shi. Amma ina aka ajiye sanin nan? Yawancinsa cikin kan dagaci da masu unguwa da ardo. Tsoho ya rasu, ya tafi da taswirarsa. Jama'a ta ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba. Bana wannan ya ci kunya ɗaya daga burtali, baɗi maƙwabcinsa ya ce shi ma ba a bar shi baya ba, ya ci biyu. Noman rani ya zo, aka kewaye bakin rafi da lambuna har ba ta inda saniya za ta sa baki a ruwa. Gari ya faɗaɗa, aka yanka fulotai bisa hanyar da kakanni suka bi. Ran da makiyayi ya komo daga kudu ya tarar da gero inda ya bari hanya, kowa ya san abin da ke biyo baya. Ba mu ce toshe burtali ne kaɗai sanadin fitinar manoma da makiyaya ba, amma duk mai gaskiya ya san yana cikin manyan sanadai, kuma shi ne wanda ya fi sauƙin magani tun bai zama jini ba.

Ba doka muka rasa ba. Tun 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Ba kuwa sai mun je Turai neman abin koyi ba. Maƙwabtanmu na Nijar, bisa dokar karkara da suka yi a 1993, sun kafa kwamitocin ƙasa inda manomi da makiyayi da sarakuna da ma'aikata ke zama tare, a wurare da dama kuma sun bi hanyoyin dabbobi sun kakkafa musu turakun siminti dama da hagu, kowa yana gani. Can ma ba a rasa masu ci ba, amma wanda ya ci ya san turke zai ba da shaida a kansa.

ROƘONMU

Na farko, ga hukumomin ƙananan mulki da masu riƙe da littattafansu. Kowace gunduma ta buɗe littafi guda na hanyoyin jama'a: burtali, labi, hanyar rafi, hanyar kasuwa, kowace da sunanta, da inda ta tashi, da inda ta nufa, da faɗinta. A yi aikin a fili, gaban dagaci da ardo da masu gonakin da ke gefe, a karanta wa jama'a a bakin kasuwa, mai ƙorafi ya kawo. A ajiye kwafi wurin hakimi, wani a ofis, wani wurin alƙali. Yau ko wayar hannu tana iya zana hanyar da mutum ya bi, saboda haka ba sauran uzurin cewa sai an jira safiyo daga hedkwata. Magatakardan da aka ba wannan aiki ya tuna da takwarorinsa na Ingila, ya zaɓi irin wanda ya ke so jikoki su tuna da shi.

Na biyu, ga malaman makaranta. A inda akwai lafiya, ku fitar da yara sau ɗaya a zango, ku bi da su hanyar rafi tun daga bakin gari har mashaya, ku gayyaci wani dattijo ya raka ku. Su ji sunan kowane kwari da kowace ƙorama, su san gawo daga marke, su ga inda ruwa ke cin ƙasa da inda itatuwa suka riƙe ta, su komo aji su zana abin da suka taka. Wannan darasin labarin ƙasa ne da ya fi na allo zama a kai, kuma yaron da ya taɓa zana burtalin garinsu da hannunsa, da wuya ya girma ya sa masa garma.

Na uku, ga mu duka masu zaman kujera. Likitoci sun gaji da gaya mana cewa hawan jini da ciwon sukari suna bin mai yawan zama, tafiya kuwa magani ce da ba a biya. Kakanninmu sun taka daga Kano har Gwanja neman goro, waɗansu har Makka, ba su ga ƙasƙanci a ciki ba. Mutum ya ajiye mota ran hutu ya taka zuwa ƙauyen da ke kusa ya gai da 'yan'uwa, mutuncinsa ba zai ragu ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. To, ƙafar kuma sai da hanya.

Mutanen Ingila sai da suka yi asarar dubban mil kafin su farga, ga shi har yanzu suna tonon tsofaffin takardu suna neman abin da ya ɓace. Mu namu shaidun suna nan da rai, suna zaune a gindin bishiya a kowane ƙauye, ba abin da su ke jira sai mai tambaya. A je a tambaye su tun suna nan. Allah ya ba shugabanninmu ikon duba wannan magana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.